Na Kai Sanata Kwatano, Ya Cije Ni

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin layin dogo a nan Agege, sai wani ya gyara zama ya ce, "Garba, wai da gaske kare ka kai asibiti har ƙasar waje?" Na ba da labarin nan ya fi a ƙirga, kuma duk bakin da ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa wai a jirgin sama muka tafi, karen sanye da kwat. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaye ni in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ni mahauci ne a mayankar Oko-Oba. Shekara goma sha tara ke nan da na baro Bichi, kuma aikina guda ne, raba gadon bayan sa gida biyu da gatari. Ba na son kare. Ban taɓa so ba. In na hango shi a hanya nakan tattare rigata in tsallaka kwata, don tun ina ƙarami aka koya mini cewa yawunsa najasa ne.

Sai Allah ya haɗa ni da gidan haya mai kare. Mai gidan, Mama Bose, tsohuwa ce 'yar wajen Badagry, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse neman abinci. Ta daɗe tana dafa wa wani Bajamushe abinci a Ikeja, da zai koma ƙasarsu ya bar mata ɗan kwikwiyo. Irin karnukan nan ne masu dogon baya da gajerun ƙafafu, kai ka ce an fara ƙera babban kare ne kayan aiki suka ƙare. A zamanin soja Janar take kiransa. Da farar hula suka karɓi mulki sai ta tara mu ta ce daga yau sunansa Sanata, tunda zamani ya canza, kuma ci da barci da haushi su ne aikinsa.

Akwai abin da ba na so a tuna mini, amma sai na faɗa labarin zai tafi daidai. Bara, ranar da gari ya rikice tsakanin namu da nasu, da rana tsaka Mama ta tura ni ɗakinta, ni da matata Lami da 'ya'yanmu uku, ta kulle, ta ɗauki kujera ta zauna a bakin ƙofa. Da samarin suka iso ƙofar gida suna dukan get, Sanata ne ya amsa musu. Duk gajartarsa, Allah ya ba shi murya ta kare mai girman maraƙi. Ba su ganinsa, muryar kawai suke ji, suka yi shawara suka wuce gaba. Ni kuwa, mai gatarin Oko-Oba, ina ƙarƙashin gadon tsohuwa ina karanta duk surar da na tuna.

To wata Laraba da safe Sanata ya diro daga kujerar Mama kamar yadda ya saba, ya yi ƙara guda ɗaya. Kafin la'asar yana jan ƙafafunsa na baya a ƙasa. Na ɗauko mata likitan shanu da muke hulɗa da shi, ya duba daga tsaye, ya ce a yi masa allurar da ba a farkawa, a huta. Mama ta raka shi ƙofa. Ta aika aka buga waya Kwatano, wurin 'yar ƙanwarta da ta karanta likitancin dabbobi, ita kuma ta ce a kawo shi da sauri, a kwance a kan abu mai tauri, kada bayansa ya lanƙwasa.

Mama ba ta iya doguwar tafiya, gwiwoyinta sun gama aiki. Ta kira ni da sunan 'yata Rabi kamar yadda ta saba, da Yarbanci, ta ce, "Baba Rabi, zauna." Na zauna. Ta ce, "Kai za ka kai shi. In ta duba ta ce zai tashi, ka dawo mini da shi. In ta ce ba zai tashi ba, ka bari ta yi masa allurar a can, ba na so ya yi ta wahala. Amma ka kawo mini abin wuyansa." Ta nuna wata 'yar fata mai ƙararrawa da ke wuyan karen. Ta ce, "In na ga wannan a hannunka, ba sai ka yi magana ba."

Na koma ɗaki ina neman uzuri. Na ce wa Lami ba a barin mayanka ranar Juma'a, na ce ban iya Faransanci ba, na ce mutanen unguwa za su sa ni a waƙa. Ta bari na gama, ta ce, "Malam, kullum kana ciro laka a bayan shanu, kai kuma ba ka da ita a jiki. Matar nan ta zauna a bakin ƙofa saboda 'ya'yanka. Tashi ka nemi katako."

Katakon da na samu mai faɗi da tauri guda ne, wanda nake sara nama a kai. Na wanke shi da ruwan zafi sau uku, amma shekara goma na kitse ba ya fita da wanki uku. Da muka ɗora Sanata a kai ya sunkuyar da kai ya fara lasa, bai daina ba har Badagry. Ban taɓa ganin majinyacin da ya ji daɗin gadonsa haka ba. Ni kuma na shirya kaina, na ɗaura baƙar leda a kowane hannu, na ƙulla yashin Agege a wata leda don wanke duk inda yawunsa ya taɓa ni. Na kuma ɗauki abokin tafiya, Idi, mai gadin layinmu, mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe yana gaya mana cewa Faransanci a bakinsa kamar fura ne.

Na tsara mu fita da sassafe don kada kowa ya gan mu. Abin da ban lissafa ba shi ne lokacin ne jama'a ke fitowa daga masallaci. Ni a gaba, Idi a baya, katako a tsakaninmu rufe da zanin Mama, muka yi kiciɓis da sahu guda. Wani dattijo ya tsaya ya cire hula ya ce, "Inna lillahi, na gidan wa ne?" Kafin in buɗe baki gawar ta yi haushi.

A tashar Mile 2 muka sami fijo mai zuwa Kwatano. Direban ya dubi katakon, ya dubi hannuna, ya gane sana'ata, ya ja ni gefe ya ce in dai sayarwa zan yi, shi yana so, don su direbobi akwai abin da suke yanka wa kare saboda tsarin hanya. Na ce masa asibiti za mu. Ya yi dariya har ya dafa mota, ya kira 'yan uwansa su zo su ga Bahaushe mahauci da zai kai kare asibiti a kan katakon sara. Na daure, muka kwantar da shi a bayan mota, na zauna kusa ina tallafe katakon duk lokacin da muka faɗa rami.

Hanyar Badagry ba tsawo ne da ita ba, shinge ne da ita. Ka yi tafiyar da ba ta kai ta shan kofin shayi ba, sai ga wasu masu kaki da katako mai ƙusoshi. Na ƙirga har na gaji na bari. A ɗaya daga ciki wani ya leƙo ya ce, "Wetin dey for back?" Idi ya riga ni, ya ce, "Oga, na Sanata. E no well," wato Sanata ne, ba shi da lafiya. Mutumin ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya zagaya baya da ladabi, ya ɗaga zanin a hankali. Suka dubi juna shi da Sanata. Sannan mutumin ya ce wannan ne sanata na farko da ya gani wanda katako ɗaya ya ishe shi lasa. Ya buga motar ya ce mu tafi, Allah ya ba shi lafiya.

A bodar Seme ban sha wahala da kare ba, don Mama ta ba ni katin alluransa tun na zamanin Bajamushe. Yashina ne ya tsayar da mu. Wani jami'i na ɓangaren can ya kwance ledar, ya shinshina, ya murza, ya ɗan taɓa a harshe, ya jero wa Idi tambaya da Faransanci. Idi ya ce, "Wi, patro." Wato "E, maigida." Jami'in ya sake jero wata. Idi ya ce, "Wi, patro." Sai na ga fuskar mutumin ta canza, ya kira wasu biyu. Allah ya kawo wani dattijo ɗan goro Bahaushe da ke tsallaka bodar nan duk mako, ya saurara, ya ce mini, "Abokinka ya amsa cewa hodar ƙwaya ce, ya kuma amsa cewa akwai saura a jikin karen." Na yi masa bayanin yawu da wanki, ya fassara, aka yi dariya aka sallame mu. Da za mu rabu dattijon ya ce, "Malam, daga nan har Kwatano bakin teku ne. Ka duba ƙarƙashin takalminka." Na duba. Yashi ne fari tas har inda ido ya ƙare, ya fi nawa kyau.

Na tambayi Idi ina Faransancin. Ya ce na mutanen nan gurɓatacce ne, ba irin na Maraɗi ba.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk sanye da riguna masu launin rawaya, zemijan ake ce musu, kuma na ga mata da zani da ɗankwali suna tuƙa babur ba wanda ya waiwaya. Fetur a kwalba ake sayar da shi a bakin titi, mata ne kuma masu sayarwa. Burodinsu dogo ne mai tauri, ana riƙe shi a hammata ba leda, da na gatsa sai da dasashina ya yi jini. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba mai ihu. A Legas in ba ka ɗaga murya ba, ba ka sauka a motar danfo. A can na yi wa wata mai lemo magana da muryar tashar Oshodi, ta dube ni ta gaishe ni a tsanake, ta jira sai da na amsa gaisuwar kafin ta miƙo mini lemon. Kunya ta kama ni.

Akwai kuma al'adarsu da ta cuce mu. Da rana ta take, kowa sai ya kulle ofis ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta. Mun iso asibitin ƙofa a kulle, muka zauna a inuwa muna jira. Da aka buɗe sai aka ce likita ta tafi ƙauye duba aladu, sai gobe da safe. Na tuna ta ce a kawo shi da sauri, ga shi kwana uku ke nan yana ƙasa. Sanata kuma ya daina lasar katako.

Muka nufi Zongo, unguwar Hausawa, gidan Alhaji Mudi, dillalin shanu da na daɗe ina sara dabbobinsa ban taɓa ganin gidansa ba. Ya tarbe mu da murna, ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce a shigo da kayan baƙi. Da aka sauke kayan baƙi ya ga abin da ke kai, murnar ta ragu. Ya ce, "Garba, kai baƙona ne, ɗaki naka ne. Amma wannan sai rumfar fatu." Ban ga laifinsa ba, da ni ne ko rumfar ba zan bayar ba. Idi ya shige ɗaki mai fanka. Ni na ja tabarma zuwa rumfar fatu, don an ce kada a bar karen ya yi yunƙurin jan jiki.

Aka kawo mana wani tuwon masara mai tsami naɗe a ganye, da soyayyen kifi da barkono mai sa mutum tuna zunubansa. Na ɓare kifin na cire ƙaya na miƙa wa Sanata. Ya kau da kai. Karen da a gida in ka ajiye takalmi sai ya ɗanɗana. Can na ga zanin ya jiƙe, fitsari ya zubo masa bai sani ba. Ya waiwaya ya ga jiƙar, ya dube ni, ya kwantar da kunnuwa. Wallahi kunya ce na gani a idonsa. A nan tsoro ya fara kama ni na gaske, ba tsoron 'yan unguwa ba, tsoron in shiga gidan Mama da 'yar fatar nan a hannu.

Ina goge shi da ledojina sai ga wani tsohon malami, limamin masallacin layin, ya fito alwalar magariba. Ya tsaya yana kallona ina cire leda, ina goga yashi, ina wanki, ina sake ɗaura leda. Ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan karatu?" Na ce masa da shi na tashi. Ya ce, "Fitsarin ka wanke, wannan daidai ne. Amma a karatun da muka yi wurin malamanmu, ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki ita ake wankewa sau bakwai. Ba a ce mai jinyar dabba ya zama ɗan dambe ba." Ya nuna ledojin. Na yi godiya, amma ban cire ba. Abin da aka dasa maka tun kana yaye ba ya fita da magana ɗaya.

Da safe muka koma. Likitar, Dakta Odet, 'yar ƙanwar Mama, mace ce gajera mai gilashi, ba ta da yawan fara'a. Idi ya tsaya a gabanta ya gyara murya ya ce, "Bonjur madam. Le kare, malad. Dusuma, dusuma." Ta dube shi, ta dube ni, ta tambaye ni da Yarbanci tsantsa yadda ƙafar Mama take. Ashe tun daga Agege ina ɗauke da harshen da ake buƙata a bakina, na ɗauko Idi ya zo shan iska.

Ta ɗora Sanata a tebur, ta tambayi sana'ata. Da na faɗa sai ta ce, "To ka fi ɗalibai da yawa sanin abin da zan faɗa. In ka raba bayan sa, me kake gani a cikin ramin ƙashin?" Na ce laka. Ta ce me muke yi da ita. Na ce miya. Ta cire gilashi ta goge ta mayar.

Ta ce lakar nan hanya ce. Duk saƙon da ƙwaƙwalwa za ta aika wa ƙafa, ta nan yake sauka, duk abin da ƙafa ta ji, ta nan yake hawa, jijiyoyi kuma su ne ƙananan layukan da ke rabuwa daga babbar hanyar. Ta ce tsakanin kowane ƙashi da ɗan uwansa akwai wani farin guringuntsi. Na ce na san shi, nan gatari yake shiga da sauƙi. Ta ce a irin waɗannan karnuka masu dogon baya yakan bushe da wuri, ranar da kare ya diro sai ya fashe, abin cikinsa ya tura sama ya danne laka. Na ce, "Shinge ke nan, irin na hanyar Badagry." Ta ce, "Haka ne. Abin da zan duba shi ne, shingen nan yana barin wasu su wuce, ko ya rufe hanya gaba ɗaya."

Ta tallafe shi ta kife tafin ƙafarsa ta gaba, nan take ya gyara ta. Ta kife ta baya, ya bar ta a kife kamar ba tasa ba. Ta ce bai san inda ƙafar take ba. Ta ɗauko 'yar gudumar roba ta buga gwiwarsa, ƙafar ta harba. Ta bi gadon bayansa tana mintsinin fata daga wajen wutsiya zuwa sama, fatar shiru, shiru, sai da ta kusa tsakiya sannan ta motsa. Ta sa yatsa a wurin ta ce, "Shingen yana nan kusa."

Sannan ta mintsini yatsan ƙafarsa ta baya, ƙafar ta janye. Na ɗaga hannu sama da ledojina na ce, "Alhamdu lillahi! Ya ji!" Idi ma ya fara tafi. Ta girgiza kai. Ta ce, "In kun yanka sa, kai ya rabu da jiki, ƙafa tana harbi ko ba ta yi?" Na ce tana yi, ta taɓa karya wa wani haƙori. Ta ce, "Wannan ba ji ba ne. Saƙo ne ya je laka ya juyo, bai kai sama ba. Abin da nake nema shi ne kai ya sani. Ya yi kuka, ko ya waiwayo, ko ya nemi cizo. In na matse da ƙarfi ya waiwayo, akwai sauran hanya, za mu yi jinya. In bai waiwayo ba, ba ni da kayan fiɗar da za ta cece shi, sai abin da Mama ta ce."

Ta ɗauko ɗan awartaki na ƙarfe, ta ce wanda karen ya sani ya riƙe kansa. Na waiwayi Idi, Idi yana kallon silin. Na kama kan, ledar tana santsi, yana zamewa. Ta ce, "Cire abin nan." Na cire. Karon farko a rayuwata na sa tafin hannuna a jikin kare. Yana da ɗumi, jijiyar wuyansa tana bugawa a ƙarƙashin yatsuna, 'yar ƙararrawar tana taɓa bayan hannuna.

Ta matse yatsan ƙafar hagu. Ƙafa ta janye, kai bai motsa ba. Yana kallon bango kamar ana matse ƙafar wani. Ta ƙara ƙarfi har na ji ƙarfen ya yi ƙara. Shiru. Ta saki, ba ta dube ni ba. Ni da nake sara nama tun safe har azahar ban taɓa jin komai ba, sai ga shi ina roƙon Allah a zuci ya sa wannan dabba ta ji zafi.

Ta koma ta dama, ta kama, ta matse. Shiru. Sai na ji kunnensa ya motsa a tafina. Numfashinsa ya tsaya. Ya saki wata ƙara, ya juyo da kai, ya nutsa haƙoransa a babban yatsana.

Na kurma ihu, amma ba na zafi ba. Na ce, "Ya cije ni! Dakta, ya cije ni! Alhamdu lillahi!" Jini yana bin gwiwar hannuna ina dariya, hawaye kuma na zuba, ban san lokacin da suka zo ba. Idi ya riga ya kai bakin titi. Dakta Odet ta yi murmushi karon farko, ta wanke mini yatsa da sabulu da wani magani mai raɗaɗi, ta sake duba katin alluran karen, ta naɗe hannun.

Ta ba mu magani da doka. Mako shida a cikin keji, ba tsalle, ba yawo. A riƙa juya shi kada ya yi gyambo. A riƙa matsa masa mafitsara sau uku a rana har ya iya da kansa, ta kama hannuna mai lafiya ta nuna mini inda ake dannawa. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma akwai fata. Ta kwance abin wuyan ta ba ni, ta ce a cikin keji ba ya buƙatarsa, kada ya maƙale.

Dawowa ba abin faɗa, shingayen dai suna nan. Mun sauka Agege bayan la'asar. Don zumuɗi na bar Idi da wani ɗan dako suna tahowa da katakon a hankali, na yi gaba in kai albishir. Na shiga gida da sauri, hannu ɗaya a naɗe, ɗayan kuma, don tsabar wauta, riƙe da abin wuyan, ƙararrawa tana kaɗawa.

Mama tana zaune a kujerarta tana kallon ƙofa. Lami ta ce tun jiya take wurin. Ta dubi hannuna. Ba ta yi kuka ba, ta miƙo hannu biyu ta karɓi fatar ta rungume, ta ce, "Na gode, Baba Rabi. Ka yi ƙoƙari." Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Na buɗe baki, Yarbanci ya gudu, Hausa ta gudu. Ina tsaye ina "Mama, a'a, Mama, ba haka ba," sai muryar nan ta maraƙi ta cika layin daga bakin get.

Tsohuwar da gwiwoyinta suka gama aiki ta riga ni isa ƙofa. Da ta gama rungumar karenta ta dawo kaina, ta zane ni da abin wuyan nan a gaban matata da 'ya'yana, tana kuka tana zagina da harshe uku. Da ta gaji ta kama naɗaɗɗen yatsana ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Ni na ƙera kejin, ni nake matsa mafitsarar kafin in tafi mayanka da bayan na dawo, Lami ta karɓi ta tsakar rana. 'Yan bencin shayi sun raɗa mini Dogarin Sanata, na amsa. A wurin aiki kuma in na raba baya na ga farar igiyar nan kwance a raminta, sai in ɗan tsaya. Ranar da Lami ta ce in taho mata da laka ta miya, na ce ta ƙare.

A mako na uku wutsiyarsa ta motsa. A na biyar ya tsaya da tawul a ƙarƙashin ciki ina riƙe da gefen tawul ɗin biyu. Ranar Lahadin da ta wuce Mama ta buɗe kejin, ya fito da kansa, bayansa yana tangaɗi, ƙafar hagu tana ɗan ja. Ta durƙusa tana kiransa. Ya bi ta gefenta ya wuce, ya ratsa tsakar gida har ƙofar ɗakina inda nake zaune, ya sa harshe a kan tabon yatsana. Na ɗaga kai na duba ko akwai ɗan bencin shayi a bakin get. Akwai, har biyu. Na bar masa hannun.